ZANCEN GIDA: Yaya Akan Zaɓi 'Yan Ƙwallon Kwando Na Ƙasa?

 A wannan wata za mu ajiye zancen gona da na tarbiyya, mu ɗan taɓa zancen wasa. Dalili kuwa shi ne wata wasiƙa da ta zo mana daga wani magidanci a ƙasar Gaya, can wajen iyaka da Ajingi.

Ɗan'uwan nan yana da 'ya mai shekara 14. Tun yanzu ta fi uwarta tsawo, ta fi shi kansa. A makaranta kullum ita ce a ƙarshen layi, yara suna yi mata ba'a, har ta soma tafiya a sunkuye. Sai ga shi a watan Agusta na 2025 ya ji a rediyo 'yan matan Nijeriya sun ci kofin ƙwallon kwando na Afirka a Abijan, gwamnati kuma ta yi shelar kyautar dala 100,000 ga kowace ɗayansu. Wani malamin makaranta ya ce masa, ai tsawon 'yarsa dukiya ne. Saboda haka ya tambaye mu abu uku. Wa yake zaɓen waɗannan 'yan wasa? Da wane ma'auni? Sa'an nan, ɗan talaka na ƙauye yana da rabo a ciki, ko kuwa sai wanda ya san wani?

Tambayoyin nan sun cancanci amsa ta gaskiya, gama ba shi kaɗai ke da dogon yaro a gida ba. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Asalin wasan

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ga shi a taƙaice. Wani malami ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, shi ya ƙago shi a watan Disamba na 1891, a makarantar horon ma'aikatan ƙungiyar samari Kirista ta YMCA, a garin Springfield na Amurka. Sanyi ya hana samari fita waje, suna ta fitina a cikin aji. Sai ya rataye kwando biyu na zuba 'ya'yan itace, ya rubuta dokoki 13, ya ce a jefa ƙwallo a ciki. Daga nan sunan ya samo asali.

A yau mutum biyar biyar ne suke karawa a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15. Bakin kwandon yana da nisan mita 3.05 daga ƙasa. Akan yi wasan kashi huɗu, kowane kashi minti 10. Hukumar da take lura da wasan a duniya duka ita ce FIBA, wadda aka kafa a Janeba a 1932. Nijeriya ta shiga cikinta a 1964. Ƙungiyar mazanmu ana kiranta D'Tigers, ta mata kuwa D'Tigress.

Wa yake zaɓe?

Ba gwamna ba ne, ba kuwa ɗan majalisa ba. Kowace ƙasa tana da hukuma guda ɗaya wadda FIBA ta sani, ita kaɗai ce take da ikon aika sunaye. A nan ƙasarmu ita ce Hukumar Ƙwallon Kwando ta Nijeriya, wato NBBF. Hukumar takan naɗa koci, wato mai koyar da 'yan wasa, da mataimakansa. Bisa ga tsari, koci ne yake zaɓen 'yan wasa, hukuma kuwa ta nemo kuɗi, ta shirya takardu, ta aika da sunayen.

Zaɓen yana kama da tankaɗen gari. Da fari akan rubuta dogon jerin sunaye na dukan waɗanda ake sa wa ido, na gida da na ƙetare. Sa'an nan a aika musu da takardar gayyata zuwa sansanin horo. A nan likita yakan duba su, a gwada gudunsu da numfashinsu, a raba su ƙungiya ƙungiya su kara da juna safe da yamma. Bayan 'yan kwanaki sai a sallami waɗansu. A yi wasannin gwaji da waɗansu ƙasashe, a sāke sallamar waɗansu. A ƙarshe mutum 12 ne kaɗai doka ta yarda a rubuta. Ko ƙasa tana da mutum miliyan 200, ko tana da miliyan biyu, kujerun dai 12 ne.

Ga misali. Kafin wasannin Olamfik na Tokiyo, waɗanda aka yi a 2021, kocin D'Tigers, Ba'amurke Mike Brown, ya gayyaci mutum fiye da 40 zuwa sansani a jihar Kalifoniya. Duk ƙwararru ne, kowannensu gwani ne a ƙungiyarsa. Duk da haka fiye da 30 suka koma gida ba su ga Tokiyo ba. Wanda aka sallama daga irin wannan sansani ba rago ba ne. Kujera ce ba ta isa ba.

Abin da koci yake nema

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna tsammani akan jera 'yan wasa ne a ɗebi 12 da suka fi tsawo, ko 12 da suka fi jefa ƙwallo a kwando. Ba haka ba ne. Mai gina ɗaki ba ya sayen azara zalla. Yana bukatar tubali, da ƙofa, da igiya, kowane da wurinsa.

Koci yana bukatar mutum biyu ko uku masu riƙon ƙwallo da rarraba shi. Su ne idon ƙungiya, sau da yawa kuma su ne gajeru a cikinta. Yana bukatar masu jifa daga nesa, gama jifan da aka yi daga bayan babban layi maki uku ne, na kusa kuwa maki biyu. Yana bukatar masu tsaro, waɗanda za su manne wa gwanin abokan karawa su hana shi sakat, ko da su kansu ba su ci maki ko ɗaya ba. Sa'an nan yana bukatar dogaye uku ko huɗu a ƙarƙashin kwando, masu tare jifa da cafe ƙwallon da ya kuskure. Ya kuma tuna ɗan wasan da ya yi laifi biyar akan fitar da shi, saboda haka kowane gurbi sai da mai jiran gado.

Tsawo yana da amfani ƙwarai, kada wani ya ruɗe ku. Amma ba shi ne duka ba. An yi wani Ba'amurke, Muggsy Bogues, tsawonsa mita 1.60 kacal. Duk da haka yana cikin 'yan wasa 12 da suka ci wa Amurka kofin duniya a 1986, ya kuma yi shekara 14 a gasar NBA, wadda ta fi kowace gasa a duniya.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da ma'auni, wato hali. Mai jin magana ne? Yana zuwa horo a kan lokaci? In an zaunar da shi a benci, zai ƙarfafa 'yan'uwansa, ko zai kumbura fuska? Amurka kanta ta koyi wannan darasi da zafi. Tun 1992, sa'ad da 'yan NBA suka fara zuwa Olamfik, ta saba tattara taurari a gurguje ta kwashe zinariya. A 2004, a birnin Atina, aka ci ta sau uku, ta dawo da tagulla. Daga 2005 sai ta sāke tsari. Wanda aka ba ragamar zaɓe, Jerry Colangelo, ya nemi kowane ɗan wasa ya yi alkawarin shekara uku, ya kuma ɗauki masu tsaro da masu jifa, ba masu suna kaɗai ba. A 2008 zinariya ta dawo. Ashe, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Maganar takarda

Gwaninta kaɗai ba ta isa ba, sai da takarda. FIBA tana da dokoki uku da ya kamata kowane uba ya sani.

Ta fari, dole ɗan wasa ya zama ɗan ƙasa bisa ga doka, yana riƙe da fasfo na ƙasar.

Ta biyu, wanda ya sami takardar zama ɗan ƙasa bayan ya cika shekara 16, akan lissafta shi a matsayin baƙon da aka ba ƙasa. Irin wannan mutum ɗaya tak aka yarda a sa a cikin 12. An yi dokar domin kada ƙasa mai kuɗi ta sayi ƙungiya sukutum daga waje.

Ta uku, wanda ya riga ya yi wa wata ƙasa wasa a babbar gasa bayan ya cika shekara 17, ba ya komawa wata ƙasa, sai dai in FIBA ta ba da izini na musamman.

Dokokin nan sun taɓa mu ta ɓangare biyu. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, ya yi wa ƙungiyar matasan Nijeriya wasa kafin ya tafi karatu Amurka. Ya zama ɗan ƙasar a 1993. Da izinin FIBA ya sa rigar Amurka, ya ci zinariya a Olamfik na 1996 a Atlanta. A 2021 kuwa sai abin ya juya. Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne amma aka haife ta a Amurka, tana kuma cikin manyan gwanayen duniya, ta nemi ta yi wa Nijeriya wasa a Tokiyo. FIBA ta ƙi, domin ta daɗe tana yi wa Amurka. Ƙanwarta Erica, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta sami tafiya. Kun ga aikin takarda ke nan: gida ɗaya, hukunci dabam dabam.

'Yan gida da 'yan ƙetare

Yanzu mun zo wurin da yake da ƙaiƙayi. Duk wanda ya duba sunayen ƙungiyoyinmu na 'yan shekarun nan zai ga yawancinsu a ƙetare suke wasa, da dama kuma a can aka haife su. A cikin maza 12 da suka je Tokiyo, takwas 'yan NBA ne. Masu wasa a gida sukan yi gunaguni, su ce su ne suke shan rana da ƙura, amma in tuwo ya nuna sai a kira waɗansu.

Mu yi adalci ga kowa. 'Ya'yanmu na ƙetare 'yan Nijeriya ne, jininmu ne, sun kuwa ɗaga sunan ƙasa. A Olamfik na Landan a 2012 Amurka ta ci mu 156 da 73. A watan Yuli na 2021, a wasan gwaji a Las Begas, D'Tigers suka ci Amurka 90 da 87. Koci aikinsa shi ne ya kawo nasara. In ya ga yaron da ya yi shekara goma yana samun horo mai kyau, da abinci, da likita, ga kuma wani da gasarsa ta gida takan tsaya wata da watanni, ba wuya a san wanda zai ɗauka. Laifin ba na yaron gida ba ne, ba kuwa na koci ba. Gonar ce ba a yi mata taki ba.

Amma mu lura da wani abu kuma. Waɗannan taurari da suka ci Amurka, da suka isa Tokiyo an ci su dukan wasanni uku. Ƙungiyar da ta ci mana kofin Afirka na maza, wanda har yanzu shi kaɗai muke da shi, a Tunisiya a 2015, sa'ad da ta ci Angola 74 da 65, ba ta da tarin manyan sunaye haka. Sanin juna ya ɗauke ta.

Akwai ƙofa guda da take buɗe wa 'yan gida. Tun 2017 FIBA ta raba wasannin neman gurbi zuwa lokatai dabam dabam na shekara, har da Nuwamba da Fabrairu. A waɗannan watanni 'yan NBA suna tsakiyar aikinsu, ba a sakinsu. Sai koci ya waiwayi masu wasa a Turai da na gida. Yaro mai shiri, a irin wannan rana ake ganinsa.

Mata kuwa sun nuna wata hanya. A 2023 aka naɗa Rena Wakama kocin D'Tigress, tana da shekara 31, saura 'yan makonni a fara gasar Afirka. Aka yi shelar gwaji a buɗe, a Shikago, da Legas, da Abuja: duk mai ganin ta isa, ta zo ta nuna. Waɗansu tsofaffin 'yan wasa suka ji haushi, suka ƙi zuwa, gama a ganinsu wanda ya riga ya ci kofi ba a sāke gwada shi. Muna gane zafinsu. Amma da sababbin fuskoki ta tafi Kigali, ta ci Senegal 84 da 74, ta zama mace ta fari da ta ci kofin nan a matsayin koci. A Olamfik na Faris a 2024 suka ci Ostiraliya 75 da 62, suka ci Kanada 79 da 70, suka shiga cikin takwas na ƙarshe. Ba wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa nan kafinsu. A 2025 suka ci Mali 78 da 64, kofi na biyar ke nan a jere. A cikinsu akwai Murjanatu Musa, wadda a gasar gida ta yi suna, a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja, kafin ta tafi Turai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In masu zaɓe suka rabu

Ɗan'uwanmu ya tambaya ko sai wanda ya san wani. Ba za mu ce son kai ba ya shiga ba, gama masu zaɓe mutane ne. Amma ƙwallon kwando yana da wuyar ɓoye rago. Mutum biyar ne kaɗai a fili, ana kuma rubuta kowane jifa da kowane kuskure. Kocin da ya ɗauki ɗan abokinsa, duniya za ta gani kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Abin da ya fi cutar 'yan wasanmu shi ne rigimar shugabanni. A watan Yuni na 2017 aka yi zaɓen shugabannin NBBF sau biyu. Ɓangare ɗaya ya taru a Kano ya zaɓi Tijjani Umar, ɗayan ya taru a Abuja ya zaɓi Musa Kida. Gasar gida ta sha wuya shekara da shekaru saboda wannan. A farkon 2022 aka sāke yin zaɓe biyu, ɗaya a Binin, ɗaya a Abuja. A watan Mayu na shekarar, gwamnatin tarayya ta ce ta janye Nijeriya daga wasannin duniya har shekara biyu. 'Yan matan D'Tigress sun riga sun sami gurbin gasar kofin duniya a Sidni da guminsu. Aka ba Mali gurbin. Bayan 'yan makonni gwamnati ta janye maganarta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shekarun ɗan wasa kaɗan ne. Gasar da ta wuce shi, mai yiwuwa ta wuce ke nan har abada.

Hanya daga Gaya

To, yaya yarinyar ƙauye za ta kai idon koci? Ba mai zuwa ƙofar gida ya yi sallama domin ya ji labarin doguwar yarinya. Hawa hawa ne, kamar tsani.

Matakin fari makaranta ce. Akwai gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda takan fara daga jihohi, ta hau shiyya, ta ƙare a mataki na ƙasa. Akwai Wasannin Matasa na Ƙasa, na 'yan ƙasa da shekara 15, inda kowace jiha take kai nata. Akwai Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. A irin waɗannan wurare masu neman 'yan wasa suke zama da takarda da alƙalami. Daga nan sai ƙungiyoyin gasar ƙasa, da ƙungiyoyin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 16 da 18, sa'an nan babbar ƙungiya.

Kada wani ya ce wasan na 'yan Kudu ne. Ƙungiyar Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ci gasar ƙasa sau da dama, 'yan wasanta sun sa rigar Nijeriya, Sani Ahmed da ya horar da ita kuma ya yi aiki cikin masu koyar da D'Tigers. Daga Gaya, in ka bi ta Wudil, tafiyar safiya ce ta kai ka zauren wasanni na Ƙofar Mata. Zariya ma tsohuwar maƙera ce ta wasan. A can Masai Ujiri ya yi girma, ya koyi wasa a hannun koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne shugaban Toronto Raptors sa'ad da suka ci kofin NBA a 2019. Tun 2003 ƙungiyarsa ta Giants of Africa take shirya sansanin koyar da yara. Olajuwon kansa ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu yake yi, sai da ya kai wajen shekara 15 ya soma ƙwallon kwando. Mai shekara 14 ba ta makara ba.

In ba fili a makarantarku, ba abin da ya gagara ba ne. Tarihin Kano ya ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su suka je Dutsen Dala neman tama. Jikokinsu ba za su kasa lanƙwasa zoben ƙarfe mai faɗin santimita 45 ba. A sami katako, da turke mai ƙarfi, da daɓe mai kyau. Rabin fili ma ya isa, gama akwai wasan mutum uku uku a kwando ɗaya, wanda ya shiga Olamfik tun daga Tokiyo. Iyaye goma da malami ɗaya mai himma sun isa su tsai da wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawara ga iyaye

Na ɗaya, ku karɓi takardar haihuwa ta gaskiya daga Hukumar Ƙidayar Jama'a, ku adana ta. Ku tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a takardar makaranta, da lambar ɗan ƙasa, da fasfo. Harafi ɗaya yakan hana yaro shiga jirgi.

Na biyu, kada ku rage wa yaro shekaru, ko wa ya ba ku shawarar. Za a ce muku kowa haka yake yi. Amma mai shekara 19 da ya shiga cikin 'yan 15 ya ƙwace gurbin ɗan wani, ya kuma koyi cewa iyayensa sun yarda da ƙarya in akwai riba. Ran da takardu suka yi karo da juna, shi zai sha kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, ku yi hankali da dillalai. Ba a sayen gurbi a ƙungiyar ƙasa. Duk wanda ya ce ku sayar da sa ko gona zai kai yaronku Turai ko Amurka, ku nemi takarda, ku je da ƙafarku ofishin wasanni na jiha ku tambaya. 'Ya mace kuwa kada ta tafi ko'ina sai da malama ko wata babba da kuka amince da ita, ku kuma san inda za ta kwana.

Na huɗu, maganar sutura. Iyaye da yawa a ƙasarmu, mu da maƙwabtanmu Musulmi, wannan ne yake sa su ja baya. Ku sani tun 2017 FIBA ta yarda a yi wasa da abin rufe kai, akwai kuma doguwar riga da dogon wando da akan sa a ƙarƙashin kayan wasa. Yarinya tana iya wasa da mutuncinta.

Na biyar, shi ne babba: littafi a gaba, ƙwallo a baya. Ku sāke tuna lissafin nan, kujera 12. A cikin dubban yaran da suke wasa, 'yan ƙalilan ne za su sa rigar ƙasa, wanda ya sa ma gwiwa ɗaya in ta gurɗe zance ya ƙare. Yawancin 'yan matan D'Tigress ta hanyar jami'a suka bi, wasan ne ya biya musu karatu. Ba jami'ar da za ta ɗauki yaro saboda tsawo in ba shi da sakamakon jarrabawa. Ujiri bai taɓa wasa a NBA ba, amma ya shugabanci masu yi. Wasan yana bukatar koci, da alƙali, da likita, da malamin motsa jiki, duk kuwa sai da ilimi.

Ga amsarmu, ɗan'uwa. Hukuma ce take naɗa koci, koci ne yake zaɓe, ma'auninsa kuwa gwaninta ne, da gurbi, da hali, da takarda. Ɗan talaka yana da rabo, amma ƙofar ƙunƙunta ce, hanyar kuma doguwa. Ba za mu yi maka alkawarin dala ba. Kada kai ma ka ɗora wa yarinya nauyin fid da gida daga talauci, gama kayan ya fi ƙarfin mai shekara 14.

Abin da za ka iya yi a wannan mako shi ne ka je wurin shugaban makarantarta, ka tambayi wanda yake lura da wasanni, ka ji ko suna shiga gasar jiha. Ka nemo takardar haihuwarta. In da hali, ka kai ta Kano rana ɗaya ta ga wasan da idonta, ta ga mata irinta waɗanda ba sa sunkuyawa. Ko an zaɓe ta wata rana, ko ba a zaɓe ta ba, za ta sami lafiyar jiki, da abokai, da koyon aiki tare da mutane, da sanin yadda akan sha kaye a tashi. Kafin duk wannan kuwa, yau da dare in an gama cin tuwo, ka kira ta, ka gaya mata tsawonta ba aibi ba ne, ta miƙe ta yi tafiyarta sosai.

Muna jiran wasiƙunku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.